Asabar ɗin da Garzali Ya Koya Mana Harbi

Ni dai na ce kada a yi, Allah ne shaidata. Tun yammacin da Garzali ya banko ƙofar ɗakinmu na unguwar Mesaimeer a Doha, ya wurga jakarsa kan gado ya ce, "Jama'a a miƙe tsaye, Kaftin ya shigo," na san ruwa ba ya tsami banza.

Mu shida ne a ɗakin, gado bisa gado. Ni Audi direba ne, ina jan ƙaramar bas ta wani kamfani. Sauran duk masu gadi ne, wani a kanti, wani a gini. Garzali kuwa mutumin Ringim ne, dogo siriri, ga baki kamar rediyon mai shayi, ba a kashe shi. Shekara shida yana faɗa wa duk mai kunne cewa shi malamin harbi ne a wani kulob na masu wasan bindiga da ke bayan gari. Wai kakansa Sarkin Baka ne, ya taɓa harbin ɓauna harsashin ya ratsa ta ya kashe gada biyu, ya wuce ya kakkaɓo goruba.

Ni kaɗai na san gaskiya. Wata rana a watan takwas, da tsakar ranar nan da kwalta ke laushi, na kai fasinjoji kulob ɗin. Wa zan gani ya fito daga 'yar rumfa ya ɗaga mana sandar ƙofa? Garzali, da hular gadi da usur a wuya, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya rungume sitiyarina ya ce, "Audi, don darajar iyayenka ka rufa min asiri." Na rufa masa. Da ban rufa ba da an huta.

To a wannan yammacin ya ja ni matattakala ya faɗa min abin da ke ƙasa. Mudir, wato shugaban kulob ɗin, yana neman wanda zai riƙa taimaka wa kocinsu a cikin zauren harbi, ya goge bindigogi ya miƙa harsashi, a cikin sanyin esi daga safe har yamma. Ya ce da Garzali in ya kawo 'yan ƙasarsu goma ranar Asabar su ɗauki darasin 'yan koyo, ya tsaya ya fassara musu abin da koci ke faɗa, aka tashi lafiya, to ya bar ƙofa ke nan.

"Dubi nan," in ji Garzali. Ya sunkuyar da kai ya nuna min ƙeyarsa, fatar ta ƙone kamar bayan tukunya. "Shekara shida rana tana cin wuyan nan, Audi. Na gaji."

Wallahi ya ba ni tausayi. Na ce, "To ai abin mai sauƙi ne. Abin da mutumin ya faɗa da Larabci ka faɗe shi da Hausa, sannan ka ja bakinka ka yi shiru."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ni? Jikan Sarkin Baka ya zama tafinta? So nake Mudir ya ga ba ɗan goge-goge ya samu ba, malami ya samu."

"Ka taɓa harba bindiga?"

"Ni nake riƙe wa kakana jakar albarushi."

"Ba ita na tambaye ka ba."

"Kai dai direba ne, tsaya kan birki."

Kafin magariba ya sa sanarwa a zauren wasaf na Hausawan Doha, da hotonsa sanye da baƙin gilashin aro: gagarumin horon harbi tare da Kaftin Garzali, mai tsoro ya zauna gida.

Ranar Juma'a da la'asar sakaliya ya tara mu a saman rufin gidanmu, wai sharar fage. Mu tara ne har da ni, don an ce ni zan kai su, kuma ba a barin direba a mota. Ya raba mana makamai. Surajo, wanda ke gadin wani kanti a Al Asmakh, ya samu sandar goge daɓe. Auta, ƙaton cikinmu mai tumbi, ya samu muciya. Ni aka miƙo min laima.

Garzali ya zagaya mu hannu a baya. "Bindiga ba kanwar lasa ba ce. In ta tashi, ƙararta tana zubar da tsuntsu daga sama. Saboda haka kowa zai toshe kunne da auduga, ya danna ta sosai. Kuma kada wanda ya kuskura ya kai fuskarsa kusa da ita. Kakana rabin gemu gare shi har ya mutu, wutar albarushi ce ta lashe ɗaya rabin. Ka miƙe hannu ka riƙe ta nesa. In za ka ja kunama ka kawar da kai, ka runtse ido. Tana tashi ka yi tsalle baya, don wani sa'in bakin yakan fashe."

Surajo ya ɗaga hannu. "Kaftin, in na runtse ido da me zan ga abin da zan harba?"

"Ka riga ka gan shi tun ɗazu. Guduwa zai yi? Takarda ce fa."

Irin harbin bindigar toka ke nan, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga. A dajin Ringim ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Amma mu ba dajin Ringim za mu ba.

Ya ce da ya ce "Wuta!" mu aikata. Ya ce "Wuta!" Muka kawar da kai, muka yi tsalle baya. Auta ya faɗa kan igiyar shanya, ya tsinke ta, ya tafi ƙasa da zannuwan Bangalawan da ke hawa na biyu. Mai kula da gidan, shi ma Bangali ne, ya hayo yana kumfar baki. A rufin da ke kallonmu 'yan Nepal sun yi layi da wayoyi suna ɗaukarmu, ɗaya har yana riƙe ciki.

"Kun gani?" in ji Garzali. "Tun yanzu ƙasashen waje sun fara koyo."

Asabar da safe na cika bas. Muka ƙirga muka sake ƙirgawa, tara. Garzali ya fara zufa tun kafin rana ta fito da kyau. Sai waya ta shigo, wata mai suna Zulfa ta ce ta ga sanarwa, tana jiranmu a Al-Sadd. Ɗaliba ce 'yar Zariya, tana karatun digiri na biyu a nan.

"Mace?" in ji Garzali. "A gidanmu mace ko tsallake bindiga ba ta yi."

Na ce, "To mu tafi mu tara."

Ya shafa ƙeya. "Wannan dokar ta daji ce. Biya Al-Sadd."

Da muka isa ƙofar kulob, wani Rafiu, ɗan Zangon Kumasi, shi ke riƙe wa Garzali aiki. Ya leƙo ta taga ya ce, "Garzali, ka yi sauri fa, ƙarfe biyu ni zan tafi."

Auta ya ce, "Ina ruwan Kaftin da tafiyarka?"

"Yarona ne," in ji Garzali da sauri. "Ba ya tashi sai na sa masa hannu. Audi, ja mota mana!"

Zauren harbin dogo ne, fes, ga sanyi kamar cikin randa. Na ga Garzali ya tsaya a bakin ƙofa ya lumshe ido ya ja iskar nan har cikin ƙirjinsa. Kowane mai harbi da teburinsa, a can gaba taku goma sha wani abu ga takarda mai baƙin ɗigo, a gefe ga allon talabijin da ke nuna inda harsashi ya sauka. A ƙarshen layi wani dattijo ɗan Ƙatar yana ta harbinsa shi kaɗai, bai kula kowa ba.

Kocin ya fito, Kaftin Rashad, Basudane mai gashin baki, mutum mai sanyin magana. Ya ɗauko bindiga ya fara bayani da Larabci. Ni ma ina ɗan tsintar Larabcin fasinja, na ji abin da ya ce. Ya ce wannan bindigar iska ce, ba wuta, ba ƙara, harsashinta bai fi ƙwayar dawa ba.

Garzali ya juyo gare mu. "Ya ce wannan ta fi ta kakana mugunta. A ƙara auduga."

Kaftin Rashad ya kafa gindin bindigar a kafaɗa, ya kwantar da kumatunsa a kanta, ya ce a buɗe ido, a riƙe numfashi, a ja kunama a hankali.

"Kun ga yadda ya yi?" in ji Garzali. "Ya ce wannan shi ne abin da jahilai ke yi su rasa gemu. Kada wanda ya gwada."

Zulfa ta ce, "Malam Garzali, ba haka ya ce ba."

"Ƙanwata, Larabcin Sudan ne wannan, ba irin na makaranta ba."

"Malamina ɗan Sudan ne."

"Sudan ɗin ai faɗi gare ta."

Na buɗe baki zan yi magana, ya kalle ni, ya ɗan taɓa ƙeyarsa. Na haɗiye. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka.

Aka ba kowa bindiga a kan tebur. Mazan suka danna auduga har ba a ganinta. Kaftin Rashad ya tafi can gefe yana gyara wa Zulfa tsayuwa. Daidai lokacin Mudir ya shigo da farar jallabiya, mai hoto na biye da shi, wai za a sa mu a tallan kulob. Garzali na hango shi kansa ya kumbura. Bai jira koci ba. Ya ɗaga hannu sama yadda kowa zai gani, ya sauke da ƙarfi, ya ƙwala, "Wuta!"

Ƙarti takwas suka miƙe hannu, suka kawar da kai, suka runtse ido. Ni na ajiye tawa na koma bango. Sai ka ji tas, tas, tas, kamar ana ɓare gyaɗa. Suka yi tsalle baya gaba ɗaya. Surajo ya yi karo da mai hoto. Auta ya kwanta rub da ciki, hannu a ka, yana salati da iya ƙarfinsa. Can ya ɗago ido ɗaya ya ce, "Ta tashi?"

Alluna takwas, ko ɗigo babu. Harsashi ɗaya ya samu bango, ɗaya ya samu daɓe, sauran sai Allah. Zulfa kuwa ta yi yadda koci ya ce, allonta ya nuna takwas cikin goma. Dattijon nan ya ajiye bindigarsa ya juyo yana kallonmu, da ganinsa ka san bai taɓa cin karo da irinmu ba.

Kaftin Rashad ya rugo yana ihu, "Khalas! Khalas! A ajiye!" Wa zai ji? Surajo har ya fara neman harsashi na biyu. Sai da mutumin nan ya bi su ɗaya ɗaya yana karɓe bindigogi, ya kai kan Auta ya zaro masa auduga daga kunne. Yana ja tana fitowa, yana ja tana fitowa, kamar mai zare lagwani. Sauran suka zare tasu.

Mudir ya dubi Garzali ya tambaye shi me ya faɗa wa mutanen nan. Garzali ya matsa kusa da shi, ya rage murya ya ce da Larabcinsa na bakin ƙofa, ai ya faɗa musu daidai, ƙauyawa ne, kansu ba ya ɗauka.

Zulfa ta juyo gare mu ta ce, "Ya ce ku ƙauyawa ne, kanku ba ya ɗauka."

Kai! Wuri ya kaure. Auta ya miƙe yana kakkaɓe tumbi. "Mu ne ƙauyawa? Ni da aka haifa a Fagge?"

"Larabcin Ƙatar ne," in ji Garzali, "yabo ne a wurinsu."

Surajo ya ce, "Ba komai. Tunda kanmu ba ya ɗauka, Kaftin Garzali ya nuna mana da hannunsa. Shekara shida muna jin labari."

Zulfa ta mayar wa Mudir da Larabci. Mudir ya ce, "Yalla," wato a fara. Garzali ya tako gaban tebur.

Kaftin Rashad da kansa ya kafa masa bindigar a kafaɗa, ya danna kumatunsa a kanta, ya nuna masa ramin da ake leƙawa, ya ja da baya taku ɗaya. Da Garzali ya tsaya a haka ya ja kunama, ko bango ya samu da an yafe masa. Amma ina! Sai da ya ɗago kai ya yi kirari.

"Sai ni Garzali, jikan mai baka da kwari! Dawa ta san ni, ɓauna ta san ni! Na Ringim ba ka harbi biyu!"

Ya mayar da kumatu. Ni da ke kusa na ji yana cewa a hankali, "Gemuna." Tsoron da aka shayar da shi tun yana yaro ya fi ƙarfin abin da ya ji da kunnensa. Ya fizge fuska, ya runtse ido, ya miƙe hannu, bakin bindiga ya kalli sama. Kaftin Rashad ya kai hannu, bai kai ba.

Tas!

A saman zauren akwai 'yan famfunan nan na kashe gobara, kowane da 'yar kwalabarsa ja wadda ba ta kai kan yatsa ba. A duk faɗin rufin nan, ita ya samu. Ruwa ya ɓarke a kan Mudir, ƙararrawar gobara ta ɗauka, fitilu suka mutu sai 'yan jajaye. Mutane suka rikice, Auta ya nufi banɗaki yana zaton ƙofar fita ce, mai hoto ya cusa kyamara cikin riga yana kuka.

Sai muka ji usur. Wani irin busa mai tsaga kunne, ko da auduga sai ka ji. Garzali ne. Ashe usur ɗin na nan a wuyansa a ƙarƙashin riga. Wallahi kamar an canza mutum. Ya ajiye bindiga a tebur bakinta na kallon gaba, ya banke ƙofar gaggawa da kafaɗa, ya tsaya yana ba da umarni da Hausa da Larabci da Turanci har da Indiyanci. "Ta nan! Ba gudu! Auta, fito daga nan, ba ƙofa ba ce! Bi koren layi!" Ya koma ya kamo hannun dattijon nan ya fito da shi a hankali. Ya leƙa ofis ya koro masu shara biyu. Ya jera mu a filin ajiye motoci ya ƙirga kawuna, ya ce saura ɗaya, ya koma ya jawo mai dafa shayi.

Muna tsaye muka jiyo jiniyar motar kashe gobara. Ta iso ƙofa ta tsaya, sanda ta ƙi ɗaguwa don wuta ta ɗauke. Rafiu yana ta danna maɓalli yana kiran sunan Allah. Garzali ya zura a guje. Ya shiga rumfar nan ba tare da ya duba ba ya zaro wani ƙarfe daga bayan kujera, ya durƙusa ya buɗe akwatin sandar, ya murza, ta ɗaga. Ya ƙame ya sara wa motar. Wani mai kawo wa kulob ruwan sha da ya maƙale a bayanta ya leƙo ya ce, "Garzali! Yau ina hularka?"

Mu duka muna kallo. Surajo ya dube ni, na dubi takalmina.

Da aka rufe ruwa aka tabbatar ba wuta, Mudir ya tako zuwa ƙofa, jallabiya ta manne masa a jiki, muka bi shi a baya. Na ce a raina yau Garzali sai filin jirgi, a mayar da shi gida. Amma shugaban 'yan kwana-kwana ya riga shi magana, ya tambayi wa ya fitar da mutane, ya ce minti biyu da rabi, bai taɓa ganin irinta a wani kulob ba. Mudir ya daɗe yana kallon Garzali, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Sannan ya yi magana doguwa, ya dafa kafaɗarsa, ya juya ya tafi.

Surajo ya gyara murya. "Kaftin, fassara mana."

Garzali ya dubi zauren can nesa, ya dubi rumfarsa. Rana ta take, inuwar rumfar ba ta fi tabarma ba.

"Ya ce ba zai kore ni ba," in ji shi, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai gadin ƙofa kamata ba. Ya ce in dai yana raye ba mai raba ni da ƙofar nan. Zaure kuwa, ko ruwa aka aike ni da shi in ajiye a waje."

Muka juya wajen Zulfa. Ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ya ce. Bai rage ko ɗaya ba."

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa. Auta, wanda ɗazu yake neman shaƙe shi, ya zaro sauran audugar da ke ɗaya kunnen ya jefar, ya ce, "To Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Garzali ya matse ruwan rigarsa, ya miƙa hannu.

"Rafiu, ba ni hular. Ƙarfe biyu ta yi."